Shuka da ƙishirwa: abin da gero, dawa da wake ke yi idan ruwa ya ɗauke

A tsakiyar Yuli, idan ruwa ya ɗauke na kwana goma ko sha biyu, gonakin da ke maƙwabtaka da juna ba sa nuna wahala iri ɗaya. Da rana tsaka masara ta naɗe ganye ta yi toka-toka. Dawa ma ta naɗe nata, amma da la'asar sakaliya sai ta warware. Wake ya karkatar da ganyensa ya ba rana gefe. Gero kuwa ya tsaya cak, bai ƙaru ba, bai kuma faɗi ba. Rana ɗaya ke dukansu, ƙasa ɗaya suke ci, amma kowanne da hanyar da yake bi da ƙishirwa.

Wannan bambanci ne ya sa nake ganin maganar "iri mai jure fari", wadda muke ji a rediyo da bakin masu sayar da iri duk bazara, tana buƙatar a warware ta. Babu shukar da ba ta son ruwa. Dabaru ne kawai ake da su, kowace dabara kuma akwai abin da take ci wa shukar. Wadda ta ceci gona a farin farkon damina tana iya zama sanadin asara idan farin ya zo a ƙarshenta. Don haka tambayar da ta kamata ita ce: wane fari, kuma a wane lokaci na rayuwar shukar?

Inda matsalar ta samo asali

Shuka na haɗa abincinta ne da hasken rana, da ruwa, da iskar kabon. Iskar nan kaɗan ce ƙwarai, kusan kashi 0.04 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, kuma hanyar shigarta ganye ita ce wasu ƙananan kafofi da ido ba ya gani, dubbai a kan wurin da bai wuce faɗin farce ba. Sai dai ta kafar da iskar kabon ke shiga, ta nan tururin ruwa ke fita. Cikin ganye a jiƙe yake, waje a bushe, saboda haka da zarar kafa ta buɗe ruwa ya kama hanya. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta tsotso haka yake tafiya, ɗan ragowar ne ke zama a jikin shuka.

Fitar ruwan nan tana da amfaninta. Daga saiwa har ganye akwai siraran jijiyoyi cike da ruwa, a haɗe babu yankewa. Idan ganye ya saki tururi a sama, sai dukan layin ya matsa, saiwa ta ja sabo daga ƙasa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a jikin shuka maganar haka take a zahiri. Tare da ruwan ne sinadaran taki ke hawa, fitar tururin kuma ita ke sanyaya ganye a tsakiyar rana.

Idan ƙasa ta fara bushewa, ragowar danshin sai ya manne wa ƙwayoyin ƙasa, janyo shi ya ƙara wuya. Jan ya yi tsanani, iska na iya kutsawa cikin jijiya ta yanke layin ruwan, jijiyar ta daina aiki. Idan hakan ya sami jijiyoyi da yawa, ko an yi ruwa daga baya reshen ba zai farfaɗo ba. Wannan na daga cikin manyan hanyoyin da dogon fari ke kashe itace, irin wanda yankin Sahel ya gani a farkon shekarun 1970 da kuma 1983 zuwa 1984.

Shuka ba ta bari a kai nan sai in ya fi ƙarfinta. Tun ido bai ga yaushi ba, girma ke fara tsayawa, domin matsin ruwa ne ke kumbura ƙwayoyin halittar sabon ganye su miƙe. Abin da manomi ke nufi ke nan idan ya ce shuka ta tsaya. Saiwa kuwa ba ta tsayawa da wuri haka. Bakinta na ci gaba da nutsawa a bushin da ya riga ya tsayar da ganye, sai shukar ta koma mai ƙaramin sama da babban ƙasa. A lokaci guda jikinta na ƙara samar da wani sinadari da ake kira ABA, wanda aka fara ganowa a shekarun 1960 wajen binciken abin da ke sa 'ya'yan auduga zubewa. Kowace kafar ganye tana tsakanin ƙwayoyin halitta biyu masu tsaronta. Idan suka cika da ruwa sai su lanƙwashe, kafa ta buɗe. Da ABA ya iso sai su saki fotasiyam ɗin da ke cikinsu, ruwa ya bi shi ya fita, su saki jiki, kafa ta rufe, duk cikin mintuna. Sai a 2009 aka gano ainihin furotin ɗin da ke karɓar saƙon ABA a cikin ƙwayar halitta, wato wannan fanni bai daɗe da buɗewa sosai ba.

Akwai kuma tara sukari da fotasiyam da wasu narkakkun sinadarai a cikin ƙwayoyin halitta. Ruwa kan bi inda irin waɗannan suka fi yawa, don haka shukar da ta tara su tana iya ci gaba da jan danshi daga ƙasar da ta fara ƙi.

Rufe kafofi na hana asarar ruwa, amma yana kawo yunwa da zafi. Iskar kabon ta daina shiga, haɗa abinci ya tsaya, ganye ya daina sanyaya kansa, ga rana kuma ba ta daina zuba masa haske ba. Hasken da ba a yi aiki da shi ba sai ya koma haifar da sinadarai masu ƙona ƙwayoyin ganye daga ciki. Bakin ganyen da ka ga ya ƙone bayan dogon ɗaukewar ruwa, da wannan a cikin dalilansa. Duk sauran dabarun da za a ambata ƙoƙari ne na zama tsakanin waɗannan haɗurra biyu: a buɗe a mutu da ƙishirwa, ko a rufe a mutu da yunwa.

Me ya sa masara ke riga faɗuwa

Gero, dawa, masara da rake suna da wata baiwa da shinkafa, alkama, wake, gyaɗa da auduga ba su da ita. Masana na kiran rukunin farko C4, na biyun C3. A shekarun 1960 aka gano bambancin, daga binciken rake a tsibirin Hawai da aikin masana biyu, Hatch da Slack, a Ostareliya a 1966. A ganyen C4 akwai matakin farko da ke kama iskar kabon ya tura ta can ciki, ya tara ta a ƙwayoyin da ke zagaye da jijiyar ganye, inda ake haɗa sukari. Tunda an tara ta a inda ake buƙata, ba sai kafofin sun buɗe sosai ba. Don haɗa abinci daidai wa daida, C3 kan zubar da ruwa kusan ninki biyu na abin da C4 ke zubarwa. Abarba ta wuce nan ma, da dare take buɗe kafofinta ta ajiye iskar kabon, da rana ta rufe, amma sai ta haura shekara kafin ta ba da ɗa.

To in masara C4 ce kamar gero, me ya sa ita ce ke riga faɗuwa? Amsar tana wajen fure. A masara namijin fure na can ƙololuwa, macen kuma ita ce goyon da ke gefen kara. Kowane zare na gemun masara yana haɗe da gurbin tsaba ɗaya, kuma sai garin furen sama ya sauka a kan zaren nan tsabar ke samuwa. Gemun kusan duk ruwa ne, da matsin ruwa yake fitowa. Idan fari ya zo a wannan mako, furen sama zai zubar da garinsa kusan a kan lokaci, gemu kuma ya makara. Garin ba ya daɗewa da rai, musamman a zafi. Tazarar ta wuce 'yan kwanaki, sai gemu ya fito ya tarar an gama. Shi ya sa ake samun masara doguwa, koriya shar, amma a ɓare goyo a ga tsaba jefi-jefi ko babu sam. Fari na kwana goma a wata na farko masara na iya shanye shi ta murmure. Kwana goman nan a lokacin gemu yana iya cinye mafi yawan amfanin shekara.

Masu kyautata iri sun daɗe da gane haka. A cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke Meksiko an shafe shekaru ana hana masara ruwa da gangan a lokacin fure, ana zaɓar wadda gemunta bai makara ba. A kan wannan tushe aka gina shirin masara mai jure fari na Afirka da CIMMYT da cibiyar binciken noma ta IITA suka gudanar daga 2006 zuwa 2015, kuma wasu nau'o'in masarar SAMMAZ da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar sun amfana da shi. A Janairun 2024 ma an fitar da masarar TELA a Najeriya, wadda aka sauya wa ƙwayoyin gado don kariya daga tsutsa da rage illar fari. Duk waɗannan ci gaba ne na gaske, sai dai rage asara suke yi a fari matsakaici. Ina jin takaici idan na ji ana tallata su kamar sun mai da masara gero, har manomin da ke wurin da ruwan shekara bai kai milimita 500 ba ya bar abin da ƙasarsa ta sani ya zuba jarinsa duka a masara.

Gero da dawa: sanin lokacin kashe ruwa

Gero ɗan gida ne a wannan yanki. Tsofaffin alamun nomansa da aka tono a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali sun kai kimanin shekara 4,500, kuma har yau shi ake nomawa a jigawar da ruwan shekara bai wuce milimita 300 zuwa 400 ba, inda zafin saman ƙasa lokacin shuka kan haura digiri 50. Tsabarsa ƙarama ce, guzurin da take ba tsiro kaɗan ne, saboda haka saiwar farko ke gaggawar nutsawa ta bar saman yashin da ke bushewa cikin kwana biyu. Daga baya saiwoyin kan kai mita biyu. Sannan gero na yin 'ya'ya da yawa a gindi, kuma ba tare suke fid da kai ba. Idan fari ya kama uwar kara tana ciki, aka yi ruwa daga baya, 'ya'yan da ke baya sai su taso su cike gurbi. Wannan ne sirrin yadda gonar da aka fid da rai da ita a Yuli kan ba da damma a Satumba.

Inda gero ba shi da wannan mafita shi ne farin ƙarshen damina, bayan ya yi bunni yana zuba ido. Babu sauran lokacin fito da sabon kai, abin da ya rage a ƙasa da shi za a cika tsaba. A nan ne aikin cibiyar binciken noma ta ICRISAT, mai hedkwata a kusa da Haidarabad ta Indiya da reshe a Sadore kusa da Yamai, ya nuna wani abu da ya saɓa wa zaton mutane da yawa. An kwatanta nau'o'in gero masu jure farin ƙarshe da marasa jurewa, sakamakon da aka wallafa a 2010 kuma ya nuna babban bambancinsu yana faruwa ne tun ƙasa na jiƙe. Masu jurewar kan rage buɗe kafofinsu a sa'o'in da iska ta fi zafi da bushewa, ko da akwai ruwa a gindinsu. Sun ɗan rage cin abinci da tsakar rana, amma ruwan da suka bari a ƙasa a Yuli da Agusta shi suke samu a makonnin cika tsaba. Wato tattali ne tun ana da shi. Farashinsa a bayyane yake: a shekarar da ruwa ya wadata har ƙarshe, irin da bai yi tattalin ba yana iya fin shi amfani.

Dawa na da nata kayan aikin. Farin garin nan da ke manne wa hannu idan ka shafa karanta wani irin kaki ne da ke rage fitar ruwa ta fatar shuka. Ganyenta na naɗewa ya rage fuskar da rana ke duka. Saiwarta ta fi ta masara yawan rassa. Namiji da macen furenta a wuri ɗaya suke, babu tazarar da ke kayar da masara. Kafin ta yi ciki kuma tana iya dakatar da girma na wani lokaci, ta ci gaba idan ruwa ya dawo.

Akwai wani hali da masu binciken dawa a Tekzas da Ostareliya suka daɗe suna bi: wasu nau'o'i kan ci gaba da zama kore bayan sun fid da kai, ko da ruwa ya yanke, maimakon ganye ya bushe kara ya kwanta. Daga manyan tushen wannan hali akwai nau'o'in dawa biyu: B35, mai asali daga Habasha, da KS19, wadda aka samo daga haɗa gajeriyar Kaura ta arewacin Najeriya da wata dawar Amurka. Kaurar da muke tuwo da kunu da ita ta ba da gudunmawa a binciken dawa na wata nahiya. Da aka bi diddigin halin a zuriyar B35, sai aka tarar labarin ya yi kama da na gero: 'ya'ya kaɗan a gindi, ganye ƙanana, ruwa kaɗan ake kashewa kafin fure, saura ya jira lokacin tsaba.

Wanda ke son ganin iyakar abin da dawa ke iyawa ya dubi masakwa a firki, wato filayen baƙar laka na Borno, wadda ake kira muskuwari a arewacin Kamaru, berbere a Cadi. Ana rainon tsironta a ƙarshen damina, a dasa a Satumba ko Oktoba bayan ruwa ya janye daga baƙar laka, a girbe a Janairu ko Fabrairu. Daga dashe zuwa girbi kusan ba ta ganin ruwan sama. Danshin da lakar ta riƙe take bi ƙasa-ƙasa, manoma kuma na ba ta tazara mai faɗi su share ciyawa tas, don kada a yi mata tarayya a ɗan abin da ke akwai.

Wake kuwa C3 ne, ba shi da baiwar gero, amma yana saurin rufe kafofinsa, yana kuma juya ganye ya daidaita da hasken rana don rage zafi. A tashar IITA ta Kano an yi wani gwaji mai sauƙi da aka wallafa a 1999: a shuka nau'o'in wake a akwatunan katako, a daina ba su ruwa, a zuba ido. Sai aka ga masu jurewa sun kasu biyu. Wasu na tsayar da girma gaba ɗaya, su riƙe danshi a duk jikinsu, su bushe a hankali. Wasu kuma, ciki har da Ɗan'ila da Kanannado, sukan sadaukar da ganyen ƙasa, su kwashe danshinsa zuwa kan tsiro, su ci gaba da girma kaɗan-kaɗan. Na biyun sun fi daɗewa da rai, sun kuma fi saurin murmurewa da aka dawo da ruwa. Sunayen nan biyu ba daga ɗakin bincike suka fito ba, irin manoman ƙasar Kano ne da aka gada.

Gudun fari

Hanya mafi sauƙi ita ce a gama kafin fari ya zo. Ciyayin daji na Sahel haka suke: su tsiro da ruwan farko, su yi iri cikin 'yan makonni, su mutu, irin ya kwana a busasshiyar ƙasa har wata tara. Tsaba ita ce ɓangaren shuka da ke iya bushewa ƙayau ba ta mutu ba, abin da ganye da saiwar amfanin gonarmu ba sa iyawa. Manomin da ya yi binne kafin saukar ruwa da wannan hali yake aiki.

Masana daga cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Nijar sun kwatanta geron da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan nan a 2003, suka shuka su gefe da gefe. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna sunayen irin ba su canja sosai ba, amma geron 2003 ya fi saurin fure, zangarniyarsa ta ɗan rage tsawo, kuma nau'in wata ƙwayar gado da ke da alaƙa da saurin fure ya kusa ninkawa a cikinsa. Shekarun fari sun tace irin: wanda ya nuna da wuri shi ya ba da tsaba, shi aka ajiye, shi aka sake shukawa. Babu wani shiri na hukuma da ya tsara hakan.

Sauri ma da kuɗinsa. Irin da ya gama a kwana 75 bai sha hasken rana kamar na kwana 120 ba, don haka a shekara mai kyau amfaninsa da karansa kan gaza, kara kuma abincin dabba ne, danga ne, makamashi ne. Idan ya nuna ana tsakiyar marka, funfuna na jiransa. Idan shi kaɗai ya nuna a unguwa, tsuntsun jan-baki a kansa zai sauka. Tsofaffin nau'o'in dawa da maiwa sun bi wata hanyar dabam: tsawon yini suke aunawa. A shekarun 1960 wani mai bincike a Samaru, D. L. Curtis, ya nuna dawar gargajiya ta kowane yanki a Najeriya kan fid da kai ne daidai lokacin da damina ta saba ƙarewa a yankinta, ko an shuka ta da wuri ko an makara. Wannan na kare ta daga rikicin farkon damina, amma idan ruwa ya yanke kafin lokacinsa, ba ta da yadda za ta yi. Manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, mai sauri da mai jinkiri, yana raba haɗarinsa ne tsakanin fari iri-iri, kuma a ganina duk shawarar da za ta raba shi da wannan tsari sai ta zo da hujja mai ƙarfi.

Itatuwan gona

Itace ba ya iya gudu, dole ya ga rani duk shekara. Kuka na zubar da ganye da ɗaukewar ruwa ta rage kafofin da za ta yi asara ta cikinsu, ruwan da ke jikinta kuma shi ke ba ta damar toho tun kafin damina ta sauka. Aduwa da magarya ƙananan ganye masu tauri suke da su. Gawo kuwa ya juya kalandar: ya zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Bincike a Burkina Faso ya nuna ruwan can ƙasa yake sha, wanda saiwar hatsi ba ta kaiwa. Da damina bai tare wa gero rana ba, bai yi gasar ruwa da shi sosai ba, ga takin ganyensa da na dabbobin da suka sha inuwarsa da rani. Wanda ya bi ta Matamaye, Magarya da Mirya a jihar Damagaram ya ga yadda manoma suka cika gonaki da shi.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce sabara, da yake an fi ɗaukarta abin sassabewa. Da dare, idan kafofin ganyenta sun rufe, ruwan da dogayen saiwoyinta suka jawo daga ƙasa mai danshi yakan tsiyaya ta ƙananan saiwoyin sama zuwa busasshiyar ƙasar da ke kewaye. A Senegal an ba saiwar sabara ta can ƙasa ruwa mai alama ta musamman, cikin 'yan kwanaki aka sami alamar a jikin geron da ke kusa da ita. A 2018 aka wallafa wannan. Ruwan ba mai yawa ba ne, amma a makon da saman ƙasa ya bushe yana iya riƙe ran saiwar gero.

Kututturan irin waɗannan itatuwa kan rayu a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru ko an sare samansu. A kan haka aka gina sassabin zamani, wanda wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa tare da manoman Maraɗi a farkon shekarun 1980: maimakon dasa sabon itace da ba shi da saiwa, a zaɓi 'yan rassa daga tohon kututture a rene su. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta haka a Nijar sun kai hekta miliyan 5.

Abin da ke biyo bayan ƙishirwa

Fari ba ya tsayawa a rage yawan amfani. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ta fi yin ɓarna a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, kuma a 2019 masana a Japan suka bayyana dalili ɗaya: wani furotin a jikinta ya sauya ta yadda ba ta jin saƙon ABA. Dawa na rufe kafofinta don tattali, ita kuwa nata a buɗe suke, sai jan ruwa ya karkata wajenta ta inda ta manne wa saiwar dawar.

Dawar da fari ya tsumburar, da ƙaramar dawa, da gyauron da ya toho bayan yanka, suna tara wani sinadari da ke komawa gubar sayanaid a tumbin saniya ko akuya. Kariya ce shukar ke yi wa kanta daga masu ci, kuma makiyaya da yawa sun yi asarar dabbobi ta wannan hanya, musamman idan yunwatacciyar dabba ta faɗa wa sabon toho bayan ruwa ya dawo. Busar da karmami sosai kafin a ba dabba na rage haɗarin. Rogo ma gubarsa na ƙaruwa a shekarar fari. A arewacin Mozambik a 1981, fari ya sa mutane cin rogo mai ɗaci ba tare da cikakken jiƙo da shanya ba, aka sami ɓarkewar cutar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo.

Gyaɗa kuma, idan fari ya same ta a makonnin ƙarshe kafin cira, ƙasa ta yi zafi, kariyar da take yi wa kanta na raunana, ɓawo na tsagewa, funfunar da ke haifar da gubar afalatoksin ta samu shiga tun tana cikin ƙasa. Gubar na lahanta hanta, kuma suya ko dafuwa ba sa kawar da ita. A irin wannan shekara jinkirin cira na ƙara haɗarin, haka ma tara ta da danshi. Ƙwayoyin da suka motse, suka fashe ko suka canja launi su ne suka fi ɗauke da gubar, kuma su ne aka fi warewa a sayar da araha ga masu ƙuli-ƙuli ko a bar wa yara da kaji a gida.